Katakon Da Ke Kuka A Ƙofar Kicin

"Ki buɗe kunnenki da kyau. Muddin katakon nan yana kuka, babu maganar aurenki da yaron nan. Na gama magana!"

Baba ne yake ta wannan faɗa, yana tsaye a tsakiyar falo, tumbinsa na sama da ƙasa saboda haki. Auta, ƙaramar 'yarsa, tana durƙushe a gabansa, ta riga ta jiƙa gefen mayafinta sharkaf da hawaye.

"Haba Baba, falle ɗaya ne fa tal a duk gidan nan. Dubi falon nan, dubi ɗakinka, ko'ina sumul..."

"Ai falle ɗayan nake magana a kai! Mutumin da ya kasa sa katako ya yi shiru, shi ne zai riƙe mini 'ya? Yau katako ne ke kuka, gobe ke ce!"

Ya taka fuuu zuwa ƙofar kicin don ya nuna mata hujja, ya ɗora ƙafa. Katakon ya ce ƙiiiit, da wata siririyar murya mai shiga har cikin haƙori.

Daga can cikin ɗaki sai ga muryar Mama, a sanyaye, "Alhaji, ina zuwa?"

"Babu inda za ni!" Baba ya daka tsawa, ya janye ƙafarsa kamar wanda ya taka garwashi.

Abin da ya faru shi ne, gwiwoyin Baba sun daɗe suna ciwo, sanyin siminti yana ƙara tayar masa da su. Sai babban wan su Auta ya turo wani matashin kafinta ya shimfiɗa wa gidan daɓen katako. Kafinta ya zo da fallayensa, ya jera su a falo, ya sa 'yan sanduna a tsakaninsu, ya ce ba za a taɓa su ba tukuna. Wai sai katakon ya huta, ya saba da iskar gidan, in ba haka ba zai kumbura ko ya tsuke bayan an shimfiɗa shi.

Baba ya ce tunda yake bai taɓa jin katakon da ke hutawa ba, sai dai malalacin kafinta. Shi kuwa Kafinta kullum sai ya zo duba lafiyar katakonsa. Ya shafa wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, Auta ta kawo masa ruwa. Kafin katako ya gama sabawa da iskar gida, Kafinta ya riga ya saba da mai kawo ruwa, ita ma ta saba da shi, sabon da ba ya fita.

Aiki kam ya yi shi. Ya goge siminti, ya cike duk inda ya lotsa, ya shafa gam, ya riƙa zura bakin kowane falle cikin ramin ɗan'uwansa har suka haɗe babu ko tsaga. Ya bar 'yar tazara a gindin bango don katako ya sami wurin miƙewa in damina ta zo, ya rufe ta da siririn allo. Maƙwabta har sallama suke yi su shigo kallo.

Sai wannan falle ɗaya na ƙofar kicin. Wayyo, wannan falle!

Ga kuma Ɗan Tayil, ɗan abokin Baba, mai katafaren shagon tayil da mota da turaren da ke riga shi shiga gida. Shi ma Auta yake so. Duk zuwan da zai yi sai da baƙar leda a hannu, ya wuce kai tsaye ya gaida Baba su biyu, su yi ƙus-ƙus. In ya fito sai ya je ƙofar kicin da gangan, ya tsaya a kan fallen yana lilo, ƙiit-ƙiit, ƙiit-ƙiit, yana murmushi.

"Baba, tayil dai ba ya kuka," in ji shi. "Ko giwa ce ta taka."

Auta ji take kamar ta kwaɗa masa faranti a ƙeya.

Da yamma ta same shi a bakin ƙofar gida, wato Kafinta, yana zaune a kan akwatin kayan aikinsa ya zabga tagumi. Tana ganinsa ta sake fashewa da kuka.

"Shi ke nan, an raba mu! Katako ya raba mu! Da ma ƙasa ka bar mana, da ma tabarma muka shimfiɗa!"

"Ki yi haƙuri, Auta, ki daina kuka, zuciyata tsagewa take yi kamar allon da aka bar wa rana."

"Ni ba allo ba ce! Ka faɗa mini gaskiya, zai gyaru ko ba zai gyaru ba? In ba zai gyaru ba in sani, in fara ramewa tun yanzu."

"Zai gyaru mana. Ƙila gefen fallayen ne ke gogar juna. Ki samo mini hoda."

"Hoda? Ana maganar rayuwata kana maganar kwalliya?"

"Hodar jarirai. A barbaɗa a tsagar, ta shiga ciki, gugar ta daina."

Haka aka yi. Ya barbaɗa hoda, ya bi ta da buroshi har ta shige, ya taka, ya sake takawa. Shiru. Auta ta yi tsalle, Baba ya zo ya gwada da ƙafa ɗaya, fuskarsa ta washe irin washewar da aka daɗe ba a gani ba. Mama ce kaɗai ta taɓe baki ta koma ɗaki.

Washegari da hantsi, Baba ya ɗora ƙafa. Ƙiiiit!

"Alhaji, ina zuwa?"

Aka sake kiran Kafinta, ya sake zuba hoda, aka sake samun shiru, gari ya waye kuka ya dawo. Hodar gidan ta ƙare har aka aro ta maƙwabta. Kafinta ya fara ramewa da gaske. Ɗan Tayil kuwa har ya fara tambayar Auta wane launin labule take so.

Ran nan Auta ta fito da sassafe za ta ɗora ruwan shayi, sai ta yi turus. Ga Mama nan durƙushe a ƙofar kicin, gilashinta a kan hanci, ta riƙe tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori, tana ƙwaƙule hodar daga tsagar katako tana hurewa, fuu, fuu.

"Mama!"

Mama ko gezau. Ta ƙarasa layin da take kai, sannan ta ɗago.

"Rufe mini baki, kada ki ta da mahaifinki. Zo nan."

Ta ja ta cikin kicin, ta buɗe firij, ta miƙa hannu can ƙurya ta zaro kwalin maganin Baba. Ta buɗe. Babu magani ko ƙwaya ɗaya. Cakulan ne a ciki, an jera su reras.

"Kin gani? Mutumin da likita ya ce ko sukarin shayi kada ya kalla. A ɗakinsa ba ya iya ɓoyewa, zafi ya narkar, ni kuma ina shara. Sai nan. In na kwanta bayan azahar sai ya saɗaɗo kamar mage. Na zubar, gobe in ga wasu, ban san daga inda suke fitowa ba. Tunda aka shimfiɗa katakon nan, sau ɗaya bai kai ga firij ba ban ji shi ba."

"To ya tsallake mana..."

"Da wace gwiwar? Ya gwada. Na leƙo na gan shi ya ja da baya ya tattare riga zai yi tsalle, Allah ne ya sa ya kama ƙofa, da yanzu wani zancen ake."

Dariya ta taso wa Auta, ta haɗu da kuka a maƙogwaro, ta rasa wanda za ta fara yi.

"Amma Mama, aurena fa? Baba ya ce muddin yana kuka..."

"Ni kuma na ce muddin ya daina kuka, ban yarda ba! Kin manta ranar da muka kwashi mahaifinki ranga-ranga zuwa asibiti, bai san wanda ke kansa ba? Ni ban manta ba. Yaron nan ina son sa, yana da ladabi. Amma in ya kashe mini mai gadina, to ya nemi wata surukar."

Auta ta fita ko mayafi ba ta gyara ba, sai shagon Kafinta. Ta same shi yana goge wani allo, garin katako ya yi masa furfura a gira. Ta zayyana masa komai tana shessheƙa.

Ya ajiye abin gugar ya zauna daɓas.

"Wato in na gyara, Mama ta kore ni. In ban gyara ba, Baba ya kore ni."

"Haka ne."

"Inna lillahi! Ni da na san haka ne, da gini na koya."

"Mu gudu kawai!"

"Mu gudu ina, Auta? Kuma in gudu in bar falle yana kuka a bayana? Har in mutu ina jin sa a kunnena." Ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa. "Kuma tun asali ba maganar hoda ba ce. Akwai ɗan lotsawa a simintin wurin, gam bai kama ba, shi ya sa fallen ke lilo. Ranar da zan cike wurin, kin wuce da tire kin yi mini murmushi. Sai da na shimfiɗa layi uku a gaba sannan na tuna."

"Au! Ashe ni ce ma na jawo?"

"A'a, ni ne na kalla."

Suka zauna suna kuka su biyu, har mai shagon kusa ya leƙo ya tambaya ko rasuwa aka yi.

Da kukan ya lafa, Auta ta share ido ta ce, "To gyaran gaskiyar yaya ake yi?"

"A huda ɗan ƙaramin rami, a ɗura gam da sirinji ya cike ƙasan, sai a danne da abu mai nauyi har ya kama. Buhun siminti zan kawo. Amma fa in aka ɗaga kafin ya kama, an ɓata aikin, kukan ma sai ya fi na da."

 Auta ta dube shi, ta dubi ƙasa, idanunta suka fara wani ƙyalli da shi kansa sai da ya tsorata.

"Ka zo gobe da la'asar," ta ce. "Kada ka zo da buhu."

Washegari Kafinta ya zo da kayansa. Baba ya tsaya a kansa yana kallo, hannuwa a baya. Mama tana zaune a falo ta haɗe rai, ko gaisuwarsa ba ta amsa da kyau ba. Ya huda rami ɗan mitsitsi, ya ɗura gam a hankali har ya fara leƙowa, ya goge, ya ɗora guntun allo a kai. Sai ya fara waige-waige.

"Ina abin dannewar?" in ji Baba.

Auta ta yi caraf ta ce, "Baba, ai duk gidan nan babu abin da ya kai ka nauyi da daraja. Ga kujera, ka zauna a kai da kanka, kada wani ya zo ya ɓata aikin." Ta ɗan saci kallon Mama.

Baba ma ya saci kallon Mama. Ya gyara riga, ya zauna daram a kan 'yar gajeriyar kujera, ya cika ƙofar kicin fam.

"Baba, don Allah kada ka motsa har sai na ce," in ji Kafinta, gumi na keto masa. "In ka ɗaga, ya lalace har abada."

"Ko gobara ake ba zan tashi ba."

Bai rufe baki ba sai ga ƙamshin turare, sai ga sallama. Ɗan Tayil ne, da baƙar ledarsa, daidai lokacin da ya saba zuwa. Auta kuwa ta san lokacin sarai.

Ya ga Baba a ƙofar kicin, ya nufe shi yana washe baki yana miƙa leda. Baba ya shiga ƙifta masa ido, yana girgiza kai, yana yi masa nuni da haɓa ya koma. Ɗan Tayil ya ɗauka gaisuwa ce, shi ma ya ƙifta.

"Kawo in karɓar masa, ɗana," in ji Mama, ta riga ta miƙe. "Ka ga yana kan aiki."

Baba ya yunƙura zai tashi.

"Baba, gam!" Kafinta ya ƙwala ihu.

Baba ya koma daɓas.

Mama ta zazzage ledar a kan tebur. Cakulan, alewa, biskit mai zaƙi a tsakiya, har da gwangwanin madarar nan mai kauri da ake lasa da cokali. 

"To," in ji Mama. "Yau na ga rijiyar da ake ɗebowa."

"Wallahi Mama shi yake cewa in kawo!" Ɗan Tayil ya faɗa da sauri yana ja da baya. "Ni na ce masa akwai ciwo, ya ce in ina son Auta in rufe bakina!"

"Kai, munafuki!" Baba ya sake yunƙurawa.

"Baba, gam!"

"Ɗauki turarenka ka fita," Mama ta ce da Ɗan Tayil, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ka san yana da ciwon sukari, kake sayen 'yata da ransa. In na sake ganin ƙafarka a gidan nan, da muciya zan raka ka."

Ya fita har yana tuntuɓe da takalmansa.

Yanzu fa Baba ya shiga uku. Shi mutum ne da in magana ta yi masa zafi sai ya kaɗa riga ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Yau babu dama. Ga mata a gaba, ga 'ya a gefe, ga gam a ƙasa.

Auta ta zo ta durƙusa a gabansa. Ta shirya maganganu da yawa tun jiya, amma da ta dubi fuskarsa, ta ga furfurar gemunsa, duk suka gudu. Kukan da ya zo mata yanzu ba irin na kwanakin baya ba ne, wannan ba shi da ƙara.

"Baba, ni na shirya wannan, ka yafe mini. Ba don auren kaɗai ba. Ranar da aka kai ka asibiti ni na riƙe kanka a mota, ina kiranka ba ka amsawa. In ka hana ni shi, zan yi kuka in haƙura, kai ka haife ni. Amma in ka tafi saboda abin cikin ledar can, wa zan yi wa kukan? So nake ka ga 'ya'yana, Baba. So nake su hau tumbin nan suna tsalle kana korarsu."

 Baba ya dubi silin. Ya ce wani abu ya faɗa masa a ido.

Kafinta ya matso ya durƙusa shi ma. "Baba, kukan katakon nan laifina ne, ni na yi sakaci a wurin. Kuma na san in na gyara Mama za ta yi fushi da ni. Amma na yi maka alkawari, ba zan iya yi maka aikin ƙarya ba. Duk hukuncin da kuka yanke, na karɓa."

 Mama ta zauna a hannun kujera ta juya musu baya, kafaɗunta na ɗan motsi. Rana ta yi sanyi, inuwar taga ta miƙe a kan daɓen. Baba yana nan zaune, tunda aka haifi Auta ba ta taɓa ganin ya yi shiru mai tsawon haka ba.

Can Kafinta ya taɓa gefen allon da yatsa ya ce, "Ya kama, Baba."

Suka kama shi ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Aka ɗauke kujera da guntun allon. Ya ɗora ƙafa ɗaya. Shiru. Ya ɗora ta biyu, ya yi lilo. Shiru. Mama ta sauke wani dogon numfashi, ta kau da kai.

Baba ya wuce cikin kicin, babu abin da ya yi ƙara. Ya buɗe firij a gaban kowa, ya zaro kwalin maganin, ya dawo ya ajiye shi a cinyar Mama. Sannan ya juya.

"Kai, Kafinta."

"Na'am, Baba."

"Ka iya sa katako ya yi kuka da gangan?"

Kafinta ya sosa ƙeya. "Ban taɓa yi da gangan ba, Baba."

"To ka koya. Can, daidai gaban firij. Ni na san halina, alkawarina a kan zaƙi ba ya kwana." Ya yi gyaran murya, bai yarda ya dubi Auta ba. "Tunda ka zo za ka ɗauke mini wadda take kuka saboda ni, sai ka bar mini wani a madadinta. In ka gama, ka turo manyanka."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Guduma ta suɓuce daga hannun Kafinta ta faɗa masa a kan babban yatsa, bai ma ji ba.

Baba ya sunkuyo kusa da kunnensa, ya yi ƙasa da murya. "Amma ka yi shi da 'yar ƙaramar murya, ka ji ko?"

"Na ji ka, Alhaji," in ji Mama daga inda take, tana share ido da bakin zani. "Ɗana, ka yi shi yadda ko ina gidan maƙwabta zan ji."

Kafinta ya dubi Baba, ya dubi Mama, sannan ya juya wajen Auta ido ya raina fata. Ta leƙo ta gefen mayafi, hawaye da dariya a haɗe, ta nuna masa Mama da baki.

Ya ɗauki gudumarsa, ya ɗingisa ya nufi gaban firij.